Abin da Ya Saura na Muryar Malam

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba aka kai ni ɗaki. ’Yar ƙanena ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, in kuka ya zo mini ta dakata har in share ido. Na ce mata kada ta sa sunan kowa. Ko da ma na so, sunan da ya fi cancanta a sa ba zai fito daga bakina ba.

Mijina baduku ne a unguwar Sheshe, cikin birnin Kano. Gafaka yake ɗinkawa da kuben wuƙa da takalma, a zauren gidan da aka haife shi. Malam nake ce masa. Tun ranar da aka kawo ni gidan nan ban taɓa kama sunansa ba, a gabansa ko a bayan idonsa, don haka muka tarar da iyayenmu suna yi. Akwai ɗan maƙwabta da aka raɗa wa irin sunan, har ya yi gemu Mai Sunan Malam nake kiransa.

Malam mutum ne mai labari. Ya san gidan da marina suka fara zama, ya san rijiyar da ta ƙafe a zamanin kakansa, ya san dalilin da ya sa lungun bayanmu ya karkace. Mai kawo gyaran takalmi yakan zauna har a kira la’asar bai tashi ba.

Da soja suka sauka farar hula suka hau, sai baki ya buɗe a gari. A da rediyon gwamnati muke kamawa, sai na ƙasashen waje safe da yamma. Ana nan muka ji wani Alhaji mai fataucin hatsi ya samu izini zai buɗe tasa tashar a bayan gari, can gaba da Ƙofar Ɗan Agundi. Gidan haya ne ƙarami. Malam ya ce mini ɗakin da ake magana an manne bangonsa da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa don kada ƙarar titi ta shiga. Muryar tashar ba ta nisa. ’Yar’uwata da ke aure a bayan Goron Dutse sai ta ɗora rediyo a kan katanga take samunta.

A farko abin namu ne. Karatun Alƙur’ani da asuba, sanarwar rasuwa da ta suna, cigiyar yaro ko akuya, da yadda hatsi ya kwana a kasuwa. Alhajin nan ya saba zama a zauren Malam, shi ya ce Malam ya zo ya riƙa ba da labarin unguwanni kowace Alhamis bayan la’asar. Ana ɗaukar maganar a kaset tun Laraba. Saboda haka ranar Alhamis tare muke zama a tsakar gida, shi a kan buzu, ni ina tsince shinkafa, muna jin sa yana magana daga cikin akwati.

Duk abin da ya shafi mata, wankan amarya ne ko yadda ake dafa kunun kanwa wa mai jego, wurina yake tambaya. In ya je can sai ya ce, “Wata tsohuwa a Sheshe ta gaya mini.”

Ranar da na fara ji na ajiye faifai na ce, “Malam, ni ce tsohuwar?”

Ya ce, “To sunanki kike so in faɗa wa Kano?”

Na ce, “Allah ya kiyaye.”

Ya ce, “Kin gani. Ni ban kira ki yarinya ba, ke ba ki kira ni da suna ba, babu wanda ya ci wani.”

Daga nan matan unguwa suka kama. In na shiga gidan biki sai a ce ga wata tsohuwa a Sheshe ta iso, a ba ta tabarma.

Da zaɓe ya matso, tashar ta canja. ’Yan siyasa suka fara sayen lokaci, wannan ya zo ya yabi ubangidansa, wancan ya zo ya rama. Masu maganin gargajiya suka biyo baya. Cigiya ta koma ƙarshen rana. Shirin Malam aka rage shi, wani makon ma a ɗage shi gaba ɗaya in wani babba ya zo gari. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Yakan ce janareta ba labari take sha ba, mai take sha. Amma na ga yadda yake naɗe buzu a ranakun da aka ɗage.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Allah ya jiƙansa, ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi. A wannan tashar aka yi sanarwar rasuwarsa. Mai karantawa abokinsa ne, da ya zo kan sunan sai muryarsa ta karye, ya sake farawa.

Na shiga takaba. Alhamis ta farko bayan sadakar bakwai ina zaune a ɗaki, mata cike da gida, sai na ji tarinsa. Yana da wani ɗan tari da yake yi in zai yi magana. Ashe tashar ta sa tsohon shirinsa. Wata daga cikin dangi ta yi wuf ta kashe rediyon, ta ce wannan ai ƙara mata ciwo ne. Ban iya cewa ta kunna ba. Mai takaba ta ce a bar mata muryar miji a gaban surukai da ’ya’ya? Na sunkuyar da kai na yi ta jan carbi.

Da mutane suka ragu na riƙa rufe ƙofa kowace Alhamis ina kunnawa a hankali. Ina kuka, amma kukan da ke sauke nauyin ƙirji. Sai ga labari Alhajin ya sayar da tashar, kasuwa ta juya masa baya. Wata Alhamis na kunna, na ji samari biyu suna musu a kan ƙwallon Turai. Na ce ko na murɗa ba daidai ba, na juya gaba na juya baya. Ita ce dai. Daga ranar sai waƙoƙin fim da masu bugo waya suna gaida ’yan mata. Sanarwar rasuwa ma sai an jira a gama talla.

Na san akwai kaset. Malam ya sha faɗa mini ana rubuta sunan mai shiri a jikin kowanne a jera a kanta. Amma takaba ta ɗaure ni, ba fita. Aiken ’ya’yana kuma ya fi ƙarfin bakina. Da wane ido zan dubi ɗan da na haifa in ce ya je ya roƙo mini muryar ubansa? Haka na zauna ina ƙirga Alhamis a zuci, ina tsoron abin da sababbin masu gida za su yi da tarkacen tsofaffi.

Da na fita takaba, na yi wanka na sa mayafi na ce zan je dubiya. Na shiga motar haya ni kaɗai. Ban taɓa zuwa wurin ba, dogon ƙarfen nan da ke bisa rufi shi ya nuna mini gidan. An yi masa sabon fenti.

A ciki na tarar da wata mata a bayan tebur, za ta yi sa’ar ’yata ta biyu. Ta ce, “Sannu da zuwa, Hajiya.”

Na ce, “Ban je ba tukuna, ’yar nan, sai dai ki yi mini addu’a.”

Ta yi dariya ta ba ni kujera. Na ce kaset nake nema na wani shiri da ake yi ranar Alhamis a da. Ta ce duk ma’aikatan da can sun watse, su sababbi ne, yanzu da kwamfuta ake aiki. Kaset ɗin an tara su a buhu a sito ana jiran mai kwashewa. Ta ce, “Amma da suna a jiki. Yaya sunan mai shirin?”

Na ce, “Malam ne, na Sheshe.”

Wani ma’aikaci da ke wucewa da waya a kunne ya ce, “Baba, ai rabin Kano Malam ne, sauran rabin Alhaji.”

Matar ta harare shi ya wuce. Ta sake tambaya a hankali. Na buɗe baki. Wallahi na yi niyya. Na zo tun daga cikin gari saboda wannan, sunan yana nan a kan harshena, amma ya ƙi fita, kamar an ce in tuɓe mayafi a kasuwa. Ga shi ba karatu gare ni ba balle in duba da kaina. Hawaye suka zubo. Na fara laluben takalmina zan tafi.

Ta ce, “Tsaya, Inna. Maigidanki ne?”

Na ɗaga kai alamar eh.

Ta ce, “Kakata ma har ta rasu ba ta faɗi na kakanmu ba. Taso mu je. Ni zan riƙa karantawa, ke dai ki saurara.”

Ta kai ni sito, ta shimfiɗa mini kwali, ta zazzage buhu a ƙasa. Tana ɗauka tana hure ƙura tana kiran suna. Sunayen mutanen da na sani ta rediyo, masu wa’azi, mai cigiya, mai labarin kasuwa, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Can ta kira nasa. Na ja mayafi na rufe fuska. Ta ajiye shi gefe, ta ci gaba har ta ware duk masu sunansa.

Aka kawo rikoda. Na farko, waƙar wani ɗan takara ce tun daga kai har ƙarshe. Na biyu, mai maganin basir. Ta ce, “Inna, da alama an ɗora wasu abubuwan a kai lokacin zaɓe, sunan ne kawai ba a kankare ba.” Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka riƙa sawa bayan rasuwarsa kuwa ba sa cikin buhun. A wani kaset mai tsagaggen murfi, waƙar siyasa ta yi ta yi har ta ƙare, aka yi ɗan shuu, sai ga tarinsa.

Maganar ba ta da yawa, wutsiyar shiri ce. Ya ce, “Wannan kuwa wata tsohuwa a Sheshe ta gaya mini. In tana jina ta yi haƙuri, na san za ta ce ita ba tsohuwa ba ce. To jama’a, mu kwana nan, Allah ya...” Sai zaren ya ƙare, rikodar ta yi ƙas.

Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Matar ta bar ni har na gaji, sannan ta naɗe kaset ɗin a takarda ta sa mini a hannu.

Tashar ta sake canja hannu bayan nan, yanzu ban ma san me suke yi ba. Kaset ɗin yana cikin gafakar ƙarshe da Malam ya ɗinka. ’Yar ƙanena ta juye muryar a wayarta don gudun ɓacin rana, amma ni ban iya latse-latse ba. Kowace Alhamis bayan la’asar nakan shimfiɗa buzunsa in kunna rikoda. Ba na tura zaren gaba, ina tsoron ta cinye shi. Sai in zauna in saurari waƙar ɗan takarar nan tun daga farko, mutumin da ko zaɓen bai ci ba, har na haddace ta ba da sona ba. Ina jan carbi ina jira ta ƙare, Malam ya yi tari.