Murfin da Aka Ce Na Manta

Ɗan ƙanwata ya yi mini ƙarya a wurin aiki, kuma saura kaɗan ƙaryar ta raba ni da abincina. Shi ya samo mini aikin, ban musa ba. Ni fita ne, wato makanike, a Suame Magazine ta Kumasi har ciwon baya ya hana ni kwanciya ƙarƙashin mota, sai ya kai ni tuƙi inda yake aikin kwamfuta a Kwadaso, wurin masu ɗaukar hoton rana da wani dogon madubi mai kama da bututun ruwa. Da muka dawo daga arewa bara, aikin ya lalace, baƙaƙen hotuna sun shiga cikin na rana. Dakta, shugabar wurin, ta tambaya, ya ce Kawu ne ya riƙa mance murfi a bakin madubi. Magana ta kai har unguwarmu Moshi Zango, ina zaune wurin mai shayi ana kirana Mai Murfi. Dakta ta ce in kai su arewa a sake ɗauka, in mun dawo za su nemi wani direba.

Mun tashi da asuba, ni da Dakta da wata ɗaliba da aka ba kwamfutar. Shi ɗan ƙanwar tawa, da ya riƙe ta bara, an bar shi a ofis. Madubin yana baya cikin akwati, an naɗe shi da katifa kamar majinyaci. Kumasi kullum gajimare, shi ya sa ake shan wannan wahalar.

Hanyar Offinso ta tarbe mu da ramuka. Duk ramin da na faɗa sai Dakta ta dafa akwatin ta ce, "Wofa, a hankali." Wofa kawu ne da yaren Asante, amma ranar ba da daɗi take faɗa ba. A Techiman muka ci wache, wato shinkafa da wake, da taliya da shito mai sa hanci yoyo. Doya ta yi araha har na ji haushin matan da ke tsula mana kuɗi a gida. Bayan Kintampo daji ya buɗe, itatuwa suka gajarce. A wani shinge ɗan sanda ya sa aka buɗe akwatin, ya ja da baya yana zaton bindiga ce. Da aka yi masa bayani sai ya tambaya ko madubin yana hango lambar loto. Nan ne kawai na yi dariya a ranar. Muka sayi soyayyen kifi a gadar Buipe, muka kwana Tamale, garin da tsohuwa ke wuce ka a kan babur ba ta ko dube ka ba.

Washegari muka wuce Walewale da Bolga, muka sauka a wani ƙauye kusa da Navrongo. Zafin wurin ba na wasa ba ne. Mutanen kirki ne dai. Mai masaukinmu ya yanka mana zabo, matarsa ta yi tuwon dawa da miyar ayoyo.

Bari in faɗa muku yadda aikin yake, daidai fahimtata. Kyamarar da ke gindin madubin tana da nata dattin. Don haka da safe, da tsakar rana, da kuma in za a tashi, sai a rufe bakin madubin a ɗauki duhu zalla. Kamar mai awon shinkafa ne, ya fara ɗora kwano babu komai ya ga nauyinsa. Waɗannan su ne hotunan gwaji, da su kwamfutar Kumasi ke cire dattin. Amma kwamfuta ba ta da ido. Sai wanda ke zaune gabanta ya sa wa kowane hoto alama, wannan gwaji, wannan rana. In ba a sa ba, duk a matsayin hoton rana za ta ɗauke su, ta haɗiye.

Dakta ba ta so in taɓa madubin ba, sai dai bakinsa yana sama kuma ba mai hawa tsani sai ni. Ta tsaya a ƙasa ta zuba mini ido kamar ɓarawon da aka ba ajiya. Na sa murfi, na ɗaga murya yadda aka koya mini, "Na rufe!"

Daga cikin tanti ɗalibar ta amsa, "Gwaji! Na sa!"

Na leƙo daga kan tsani na ce, "Ɗiyata, dama ana amsawa?"

"Baba, dole ne mana. Da me ake ce maka?"

"Ba a ce mini komai. Bara ɗan ƙanwata kai kawai yake gyaɗa mini, waya na kunnensa."

Dakta ta sa ta fassara mata. Kwana biyu muna haka, in rufe a amsa, in buɗe a amsa.

A rana ta uku hadari ya taso, aiki ya tsaya. Ina ƙarƙashin kuka ina jiƙa gari, ina tunanin wanda zai ɗauki mai shekaruna aiki. Su kuma suna cikin tanti sun buɗe hotunan bara. Can Dakta ta aiko kirana. Ta nuna mini baƙaƙen a jere: wasu da safe, wasu da tsakar rana, wasu da yamma, tsakaninsu rana fes. Kowace rana haka. Ta ce wanda ya mance murfi ba ya mantuwa bisa agogo. Gwaji ne, na yi shi daidai, alama ce ba a sa ba. Ta ƙara da cewa aikin bara ma bai mutu ba, in an sa alamar an sake turawa zai fito.

Ta cire tabarau ta ce, "Wofa, kafra." Gafara take nema. Ta ce maganar wani direba ta mutu.

Na koma gindin kuka na zauna. Abincin yamman nan na ci kamar wanda ya tashi daga ciwo, har na nemi ƙari.

Dawowa hanya ta yi mini gajarta. Na sayi zabi biyu a Bolga, na cika bayan mota da doya a Techiman, muka shigo Kumasi ana kiran la'asar. Abin da na koyo a tafiyar nan, in aiki na mutum biyu ne kuma ɗaya ba ya amsawa, ranar da abu ya lalace a kan mai maganar za a sauke. Ni dai na daina yarda da gyaɗa kai.

Da muka sauke akwati a Kwadaso, yaron ya fito yana murmushi. "Kawu, sannu da hanya." Dakta ta riga ta kira shi a waya, na gani a idonsa. Na ja shi bayan mota, don ba na son tozarta ɗan ƙanwata gaban baƙi.

Ya fara, "Kawu, wallahi tsoro na ji..."

Na ce, "Yi shiru. Da ka zo ka ce Kawu na yi ɓarna, ka rufa mini asiri, wallahi da na ɗauka, don kai yaro ne kana da gaba. Amma ka ɗora mini ba ka tambaye ni ba, ka bar uwarka tana ba ni haƙuri kan tsufa ya fara taɓa mini kai. Ba zan kai ƙararka ko'ina ba. Ranar Juma'a in an sauko masallaci, ka zo gidan uwarka. Zan zauna, za ta zauna, ka faɗa da bakinka."