Jakar Da Tabawa Ta Saya A Ollelewa

Ban taɓa ganin kakata Tabawa ba. Abin da na sani game da ita daga bakin mahaifiyata Lantana, wadda muke kira Inna, na ji shi, sai ɗan abin da na tatsa daga kakana Barmo, wanda in an tambaye shi labarin matarsa sai ya ce haƙori ke damunsa, alhali ko ɗaya bai rage masa a baki ba.

Tabawa gajeruwa ce mai saurin tafiya, kuma matsoraciya ce ta gaske. Ba don in rage mata daraja nake faɗin haka ba. A Damargu ta wancan zamani, kafin Nasara su iso, wanda ba ya tsoro bai san inda yake zaune ba. Da an gama yankan gero ayarin Azbin kan sauko da gishiri da dabino ya koma da hatsi, wannan kowa na maraba da shi. Amma ta hanyar nan dai mahara ke biyowa a kan raƙuma, su kwashe rumbu, su kora dabbobi, su ɗaure duk wanda ƙafarsa ba ta cece shi ba. Tabawa tana ƙarama aka yi wa garinsu haka. Ita ta tsira a cikin ramin da ake ɗibar yumɓu, yayyenta kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Tsoron nan shi ke yi mata ciniki. Sauran mata in sun shiga kasuwa suna tambayar abu ko yana da kyau, ita kuwa tambayarta ko za a iya gudu da shi. Ba ta taɓa sayen randa ba, sai ƙananan tukwane da salka, kuma ba ta biyan salka sai an cika ta da ruwa ta zauna a kai ta ga ko za ta yi yoyo. Farin zane ba ya shiga gidanta, don ana hango shi daga nesa. Inna ta ce ta yi kuka har ta gaji a kan mundaye irin na ƙawayenta, uwar ta ce abin da ke ƙara in mutum na gudu ba ado ba ne. Matan ƙauyen suna yi mata dariya, suna cewa Tabawa ko allura za ta saya sai ta tambaye ta ko tana minshari. Amma in za su sayi turmi ko gishiri ita suke ja gaba, don ba a taɓa cutarta ba.

Shekarar da nake ba da labari, jakinsu ya mutu da damina, kurkunu kuma ya fito wa Inna a idon sawu. Lokacin ta kusa isa aure, ta fi uwarta tsawo. Ƙafar ta kumbura, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan kaɗan, ko bayan gida sai an riƙe ta. Kaka ta yi, rumbuna sun cika, wato lokacin da mahara ke tunawa da mutane ya zo. Tabawa ta daina cin abincin kirki. In aka yi kuwwa, da me yarinyar nan za ta gudu? Sai ta matsa wa Barmo suka ɗebi gero, suka ari raƙumin maƙwabci, suka nufi kasuwar Ollelewa neman jaki.

Suna isa turken jakuna idon Barmo ya faɗa kan wani jaki auraki, ja mai faɗin ƙirji. Dillalin, wani mai suna Idi, ya ga haka ya fara zuba.

"Ke dai dubi ƙafar nan," in ji Barmo. "Wannan ai ya ɗauki yarinyar har da ke."

"Maigida, ba ƙafarshi nake saye ba tukuna. Bari in ji bakinshi."

Ta samu inuwa ta zauna, tun hantsi har azahar, tana saurare. Aurakin nan ya wage baki ya yi kuka har sai da masu sayar da nono suka waiwayo, sauran jakuna suka amsa masa. Ɗaya ce kawai ba ta ce uffan ba, wata tsohuwar jaka mai ruwan toka a ƙarshen turke, da ɗanta yana gogar cikinta. Tabawa ta tashi ta buɗe mata baki, ta ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya, ta shafa bayan ko akwai miki. Ta ce wannan take so.

Idi ya ce, "To uwar gida, ki ƙara ɗan abu in haɗa miki da ɗan."

"Ɗan me zai ɗaukar mini? Baki ne kawai. Ai ga shi nan yana cin ciyawa da kanshi."

Ko wa aka tambaya a ranar zai ce ta yi daidai. Geron da ya rage shi za su ci har wata damina, kuma jakuna maza kaɗai suka taɓa riƙewa. Idi kuwa, wanda a cikin jakuna ya tsufa, ya san sarai abin da ya sa jakar ke shiru, amma ya ja bakinsa, don akwai wani ɗan ayari da ke taya ɗan. Ya daɗe da rasuwa, na sani, amma har yau in na tuna shi raina na ɓaci.

Ba su yi nisa da kasuwa ba jakar ta tsaya cik, ta juya kai baya, ta ɓarke da kuka. Tabawa ta ji kamar an zuba mata ruwan sanyi. Kukan nan bai tsaya ba a hanya, bai tsaya ba a gida. Da kasuwa ta zagayo ta koma da ita a ƙafa, aka ce ɗan ya bi ayari arewa. Idi ya ce ciniki ya faɗa, ta yi haƙuri, jaka na mantuwa in an kwana biyu. Ba wanda ya taya jakar da niyyar saye, don kowa ya ji muryarta. Mutanenmu na cewa jaki ba ya kuka sai ya ɗaga wutsiya, saboda haka Tabawa ta nemo dutse ta ɗaure mata a wutsiya. Yana ɗan taimakawa, sai dai ka ji tana gurnani a ciki, cikin na hawa da sauka. Matan ƙauye suka samu abin yi. Tabawa kuwa sai ramewa take yi.

Mahara ba su jira jaka ta manta ba. Wata safiya rana ta ɗaga, mai tsaro a kan bishiya ya kwarma ihu. Barmo ya suri Inna ya aza ta a kan jakar, Tabawa ta rataya salka, suka bi jama'a zuwa wani kwari mai sarƙaƙiya inda ƙauyen ya saba ɓuya. Aka kutsa cikin ƙaya, aka kwantar da yara, uwaye suka toshe bakin jarirai da mama. Daga nan suna hango hayaƙi a kan garinsu. Can sai suka fara jin gunjin raƙuma, kuma ba nisa yake yi ba, matsowa yake.

Tabawa ta naɗe bakin jakar da gefen zanenta ta rungume kan. Inna ta ce daga inda take kwance tana ganin cikin dabbar na kumbura, dutsen na rawa a wutsiya. Wani ƙaramin sauti ya kufce. Kowa ya juyo.

Ɗan Azumi, maharbin ƙauyen, wanda shi ake ji a irin wannan rana, ya rarrafo da wuƙa a hannu.

"Tabawa, za ki kashe mu," ya ce cikin raɗa.

"To yanka ta," in ji Barmo.

Ɗan Azumi ya dubi sama, ya mayar da wuƙar. "In na yanka, shure-shurenta kaɗai ya isa. Kuma kafin jini ya bushe ungulu sun taru bisa kanmu, ko makaho ya san inda muke."

Sakinta ma ba zai yi ba, don sai ta tsaya a bakin kwarin ta yi ta kira. Dole wani ya ja ta ya bi gindin kwari da ita, ya yi nisa. Barmo ya miƙa hannu zai karɓi igiya.

"In ka tafi wa zai goya ta?" Tabawa ta ce. "Ni ba ni iya ɗaukarta. Kuma ni na sayo."

Kada wani ya ce jarumtaka ce ta sauko mata. Inna ta ce haƙoranta har haɗuwa suke, ta kasa ko kwance igiyar daga reshe, sai Ɗan Azumi ne ya kwance mata. Inna ƴar fari ce, don haka uwar ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta kuma taɓa jan ta a jiki a gaban mutane ba. Ranar ma ba ta yi ba. Ta sauke salka ta ajiye kusa da ita, ta dubi Barmo ta ce, "Kada ka bari yarinyar nan ta taka ƙafar." Ta sunkuya ta ja jakar suka shige.

Raƙuma suka matso har ana jin maganar mahayan, don sawun jama'a suke bi. Inna ta cusa fuska a ƙasa tana salati. Sai daga can yamma, nesa, jakar ta ɓarke da kuka, cikakke, ba dutse ba zane. Tabawa ce ta kwance mata. Mahayan suka tsaya, wani ya yi kira, sai ƙarar ta juya ta yi yamma. Kukan ya ci gaba yana ƙara nisa, da alama tana kora ta da gudu.

Sai da la'asar ta yi sanyi Ɗan Azumi ya yarda aka fito. Shi da Barmo suka bi sawu. Suka tarar da jakar tsaye ita kaɗai a gindin wata aduwa, igiya na jan ƙasa. Kewaye da ita sawun raƙuma ne, da wurin da aka durƙusar da ɗaya. Mutanen nan sun dubi tsohuwar jaka mai kuka, sun dubi mace mai ƙarfi, sun ɗauki wadda za ta yi musu kuɗi.

Barmo ya jawo jakar ya komo kwari. Inna ta hango shi, ta leƙa bayansa, ta sake leƙawa.

"Baba, ina Iya?"

Ya durƙusa ya ɗauke ta zai aza ta a kan jakar. Ta ce ba za ta hau ba, ita da ƙafarta za ta tafi, ta fara kokawar saukowa.

"An ce kada ki taka," ya ce.

Sai ta hau.