Farantin da na ware wa Inna

Ɗiyata ce ta kawo labarin gida, lokacin tana karatun ƙwayoyin halitta a Jidda. Muna tsinkar lalo ta nuna mini hoton wata baƙar dabba a waya, kamar ɗan kare, mai goyon 'ya'yanta a jakar ciki, can wani tsibiri kusa da Ostareliya. Ƙari ya cinye mata fuska. Ta ce ciwon daji ne mai bin cizo: ƙwayar ciwon da ranta take tsallakawa daga wannan zuwa wancan, jikinsu ba ya gane baƙuwa ce, don kusan duk jininsu ɗaya. Har sun kusa ƙarewa.

Na ce Allah ya kyauta. Ni kuwa halina ne in riƙe rabin magana in yar da rabi.

Da na dawo daga aikin girkin alhazai a Arfa, na tarar da kumburi a muƙamuƙin Inna, mahaifiyata. Asibiti suka ce daji ne. Nan take dabbar ta faɗo mini a rai. Mu a unguwarmu ta Hindawiyya, nan kusa da Harami, tun kakanninmu da suka zo hajji a ƙafa suka zauna, auren zumunci muke yi. Mijina ɗan yayan Inna ne. In dai jini ɗaya ne, ai mu ake nufi.

Ban tambayi kowa ba. Gidanmu a faranti ɗaya ake ci. Na ware wa Inna nata da kofinta, na ce don kada jikoki su dame ta. Ta dubi farantin, ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya yi albarka."

Wata uku tana ci ita kaɗai a ɗaki. Daga baya loma biyu take yi ta ture, ina ɗora laifin a kan magani.

Da ɗiyata ta zo hutu na gaya mata dalilina, har da ɗan alfahari. Ta ce, "Haba Yumma, haram alaiki, ba ki kyauta ba. Ciwon dajin mutane ba ya bin abinci ko yawu, ko da dangi ne. Da kin kira ni."

A ranar muka kai abincinmu ɗakin Inna, muka kewaye ta. Lokacin bakinta ba ya karɓar komai sai kunu da ƙaramin cokali. Ta ce mini a hankali, "Ku ci, ina kallo. Na san ƙyamata kike yi, kuma ban ga laifinki ba."

Tsoro ne, ba ƙyama ba. Kunya ta hana ni faɗa mata, na ce sai gobe. Ina ta goben nan aka sallace ta a Harami.