Kawu da Cutar Bayani

Kawuna gyaran agogo yake yi har wayar hannu ta kashe masa kasuwa. Mutum ne mai zurfin ciki. Ka tambaye shi ina zuwa, sai ya ce nan gaba kaɗan. Inna, matarsa, takan ce ko ciwon kansa a bakin mai kemis take ji.

Yana zaman kashe wando wata malamar jami'a ta ɗauke shi aikin yi wa mutane tambayoyi. Bincike take yi a kan wata ƙungiyar agaji mai raba wa tsofaffi tabarau, ko abin yana amfanarsu. Sharaɗinta ɗaya: duk yadda ya samo amsa ya faɗa, kada ya ɓoye komai, don mai karatu ya iya bin sawu.

Kawu ya riƙe maganar hannu bibbiyu. Da ya kawo sakamako ya ce kusan kowa ya yaba, sai dai akwai bayani. Wani tsoho ba ya ji, kai kawai ya gyaɗa, ƙila ma ƙuda yake kora. Wata ta taga ta amsa, tana tsakiyar faɗa da jikarta. Sauran sun ɗauka shi ne mai rabon, don ya je da tabaransa na gyaran agogo a goshi.

Malamar ta yi dariya har da hawaye, ta sa duka a rahoto, ta ce ya sake zagayen, amma ya bar tabaran a gida.

Daga nan cutar bayani ta bi shi har ɗaki. Inna ta tambaye shi ko miya ta yi daɗi, ya ce ta yi, amma ta sani da yunwa ya ci, kuma bai ɗanɗana ta kowa ba balle ya kwatanta. Sai da ta kwana biyu ba ta kula shi ba.

Maƙwabci ya ce, "Malam, kun tashi lafiya?"

"Ni dai lafiya," in ji Kawu. "Uwargida ma ta ce lafiya, amma fushi take yi da ni, ka ɗauki amsar da hattara. Yaran ban kai kansu ba tukuna."

Yanzu duk mai sauri a layinmu daga nesa yake ɗaga masa hannu. Bana malamar ta sake ɗaukarsa, wannan karon a kan masu gina rijiyoyi. Jiya ya leƙa cikin wata rijiya don ya ga ruwan da idonsa, hularsa ta faɗa. Ya dawo gida kai ba hula, yana neman biro ya sa wannan ma a rahoto.