Wayar da na jingine a jikin turmi

Shekarun baya, lokacin da rezo mai ƙarfi, wato layin sadarwar waya, bai daɗe da shigowa Dakoro ba, na yi wata dabara da na ɗauka babu kamarta, sai ga shi na kusa ɓata abin da nake son gyarawa. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma mu da muka riƙe salula a wancan zamani mun san azabar harafin E ɗin nan da ke zama a saman waya. Ka tura hoto, ka je ka yi salla, ka ci abinci, ka dawo ka tarar yana nan yana juyi. Da aka kafa sabuwar anten, dogon ƙarfen nan mai kamo rezo, wata safiya muka wayi gari E ta koma H. Abokina mai shagon cajin waya ya ce wannan ita ce turwa-je, wato 3G, yanzu mutum zai iya ganin fuskar wanda yake magana da shi. Muka wuni muna kiran juna a kan benci ɗaya, kowa yana kallon hancin ɗan'uwansa yana dariya.

A gidanmu kuwa ba dariya ake yi ba. Yayana, ɗan farin mahaifiyata, ya tafi arewa haƙar zinariya. Da farko yana kira lokaci-lokaci, sai kiran ya ɗauke ɗif. Wata ranar kasuwa wani mutumin Sabon Maci da ya dawo daga can ya ba da labari a wajen mai shayi cewa rami ya rufta da wasu, cikinsu har da wani ɗan Dakoro, an ciro shi da rai amma an yanke masa ƙafa. Bai san sunansa ba. Ya dai ce dogo ne, baƙi, mai wushirya. Kafin la'asar labarin ya shigo gidanmu.

Bayan wasu makonni yayana ya kira, murya tana tsinkewa. Na tambaye shi ƙafa, ya ce lafiya lau. To, kowa ya san lafiya lau ɗin mutanen daji. Wanda ke kwance ma haka zai ce, don kada hankalin na gida ya tashi. Ba wanda ya yarda da shi, har ni.

Wanda bai san mu ba zai ce mahaifiyata ba ta damu ba. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta yarda a ga tana sonsa. Tun tasowata ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" kawai take cewa. Ni auta kuwa, da gemuna da komai, har yanzu sai ta ɓoye mini ƙanzon tukunya. Saboda haka ba ta tambayi kowa komai ba. Abinci dai ta daina ci. Kwanonta yadda aka kai shi haka yake dawowa, ta ce bakinta ne ba daɗi. Ga ta da tansiyo, wato hawan jini. Da na kai ta likita, majo, babban ma'aikacin wurin, ya ja ni gefe ya ce in ta ci gaba da haka wata rana faɗuwa za ta yi, kuma ba lalle ta tashi ba. Tsoro ya kama ni sosai.

Sai na tuna da H ɗin nan. Na roƙi yayana ya daure ya gangaro Agadas inda akwai rezo, ya ari waya mai kamara, mu yi kiran da Inna za ta gan shi da idonta. Muka tsayar da Juma'a bayan masallaci.

A nan ne wayona ya yi yawa. Ni da na kawo abin da ba a taɓa gani ba a unguwa, ta yaya zan yi shiru? Na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa maƙwabta, na faɗa wa duk wanda ya tsaya ya gaisa da ni. Ranar Juma'a gidanmu ya cika maƙil, mata a kan tabarmi, maza a bakin zaure. Na sa forfe, wato na sayi data, na tsaya tsakar gida ina ɗaga waya sama kamar mai kiran gwanjo. Fuskar yayana ta fito, mata suka ɗauki salati. Na nufi Inna, tana zaune tana tsince wake a faifai, na miƙa mata wayar har gaban hancinta.

Ta juya mini baya. Na zagaya, ta sake juyawa. Ta ja mayafi ta ce, "Auta, ɗauke mani abin ga, aiki nikai." Na nace, sai ta tashi da faifanta ta shige ɗaki ta saki labule. Yayana a can yana ta sallama, ba abin da yake gani sai sararin sama da haɓata. Cikin ruɗewa na manta ma in ce ya nuna ƙafar, har layin ya yanke. Mutane suka watse suna ƙus-ƙus, wai fuska kaɗai aka gani, in da ƙafar tana nan ai da ya nuna. Ranar ko fura Inna ba ta sha ba.

Haushi ya cika ni. Na tafi wajen gwaggona, ƙanwar mahaifina, ina ƙorafi, wai na sha wahala na kawo mata ɗanta har gida ta ƙi ko ɗaga kai. Gwaggo ta bar ni na gama, sannan ta wanke ni tas.

"Kai dai karatun lakkol ya cinye maka kai," in ji ta. "Ka tara mata gari, ka ce ta dubi ɗan hwari? Ko mutuwa za ta yi ba ta dubawa. Gobe ka aje abin ka tahi, kamar mantuwa ka yi."

A gidan aka haife ni, amma sai da aka tuna mini.

Washegari da hantsi gwaggo ta zo ta kwashe matan gidan, wai za su barka. Na kira yayana daga zaure, na ce ya ba wani ya riƙe masa wayar, shi kuma ya ja da baya yadda za a gan shi tun daga kai har ƙasa. Na shiga, na jingine wayata a jikin turmi tana fuskantar inda Inna ke zama, na ce da ƙarfi, "Inna, zan je in dawo." Na fita ta ƙofa, na zagaya ta baya, na laɓe a bayan zanar da ke kare turken awaki. Wata akuya ta kama gefen rigata tana tauna, ban ko motsa ba.

Inna ta daɗe ba ta ɗaga kai ba. Ina hango ƙaramin gilashin wayar ta kan kafaɗarta. Yayana yana tsaye a wani fili, ya rame, gashi ya cika masa kai. Sai ya tuɓe takalmansa, ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa biyu yadda yake yi in ya shigo gaishe ta da safe.

"Inna, ina kwana."

Ta dubi dama, ta dubi hagu, ta dubi ƙofar zaure. Sannan ta matso da kujerarta, ta sa bakin zanenta ta goge gilashin, ta ƙura masa ido. Ya tashi, ya yi ƴar tafiya yana ɗan ɗingishi, ya dawo ya sake durƙusawa. Na ga ta sa hannu ta rufe bakinta, kafaɗunta suna rawa. Ni ma hawaye ya zubo mini, na janye rigata daga bakin akuya na sulale.

Da na dawo, sai da na yi sallama mai ƙarfi tun daga waje. Na tarar da wayar a kife a kan tabarma, Inna tana tsince wakenta kamar ba abin da ya faru.

"Ka bar abinka shina ta surutu shi kaɗai," in ji ta. Can kuma ta ce, "Akwai sauran hura?"

Ban taɓa gudu zuwa wajen ƙwarya irin na ranar ba. Ta sha, ta ƙara. Ina tsaye ina kallonta, wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka. Ta ajiye ludayi, ba ta dube ni ba ta ce, "Ka ce ma wancan shi yi aski. Ya koma kamar mahaukaci."

Daga baya muka ji gaskiyar lamarin. Ramin ya rufta da shi ɗin, ya karye a idon sawu, wani mai ɗori ya ɗaure shi, shi ya sa ya yi shiru. Wanda aka yanke wa ƙafa wani bawan Allah ne daban, Allah ya ba shi haƙuri. Yayana ya dawo gida bayan damina, yanzu yana dillancin dabbobi a kasuwa, ɗingishin ma sai ka lura.

Yau rezo ya wuce inda muka sani, yara na kallon bidiyo a kan amalanke ba sa ko mamaki. Ni dai duk lokacin da na ga wani ya cusa wa tsoho waya a fuska yana cewa ya yi magana, sai in tuna kaina a tsakar gida ina bin Inna ina zagayawa. Anten ta kawo mini fuskar yayana daga Agadas cikin ƙiftawar ido, amma yadda uwarsa za ta iya dubansa sai da gwaggo ta koya mini. Nakan gode wa Allah da ya sa Inna ta kai washegari.

Tana nan da ranta, ta tsufa, kuma har yanzu "wancan" take ce masa. Ba ta taɓa cewa ta gan shi a wayar nan ba, ni ma ban taɓa gaya mata ina bayan zana ba.