Tukunyar Malam Sale

Har yau ban manta da ranar Larabar da Sista ta kira ni ofishinta ta ce in shirya tafiya ƙasar Gwaram ba. A shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira ne. Lokacin ina mataimakiyar kuku a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Birnin Kudu, wanda yanzu ko gininsa babu. Ga yadda tsarin yake: likita ya rubuta abin da majinyaci zai ci, Sista, wato babbar nas, ta kawo takardar kicin, babban kuku ya raba aiki. Ni rabona shi ne girkin masu doka, waɗanda aka hana wa wani abinci.

Cikinsu akwai Malam Sale, dattijo manomi daga wani ƙauye gefen Farin Dutse. Ciwon sukari ya kawo shi. Da za a sallame shi, likita ya ba shi ƙwayoyi, ya kuma ce ya bar tuwo da fura da kunu har sai ya sake ganinsa.

Sista ta ce mini, "Asabe, matarsa ba ta san abin da za ta ɗora a wuta ba. Ki bi motar zagayen ƙauyuka ki koya mata. Zuwa uku, wata-wata. Kowane zuwa ki kawo mini rahoto."

Na ce, "To, Sista."

A zuwan farko komai ya tafi daidai. Matarsa, Inna Tabawa, ta tsaya a kaina tana riƙe da haɓa. "Miya ba tuwo? Yarinya, a garinku haka kuke yi wa maza?"

Na ce ta zauna ta kalla. Da farko ƙashi, wanda mahauta kusan kyauta suke bayarwa, a tafasa shi da albasa da daddawa har ruwan ya yi fari. Sai kabewa, a bar ta ta narke, ita ce za ta ba miyar kauri. Sai zogale ko alayyafo daga bayan gida. Gishiri kaɗan, citta, a sauke. Don zuwa gona kuma na nuna mata abin da likita ke kira sanwici, amma ba da burodi ba: a yanka kabewa fale-fale a gasa, a sa wainar ƙwai ko ɗan nama tsakanin yanka biyu, a naɗe a ganye.

Malam Sale ya sha kwano biyu, gumi na zubo masa. Ya ce, "Malama, wannan ai abincin Di'o ne. Tabawa, daga yau ki riƙa ce mini ranka ya daɗe."

Ta ce, "Sai ka fara sayo mini takalmi."

Kafin in tafi na kafa dokoki uku. Ɗaya, a ware masa ƙaramar tukunya. Biyu, ya riƙa ci a ɗaki, kada ya ga tuwo ransa ya biya. Uku, ya daina fita ciyayya. Ku yaran birni ba lallai ku san ciyayya ba. Kowane magidanci ne zai fito da kwanon gidansa ƙofar gida, a zauna tabarma ɗaya, kowa ya sa hannu a kwanon kowa. Shekara arba'in Malam Sale yana zama a wannan tabarmar. Ni na tashe shi da kalma ɗaya, na kuma rubuta a rahoto cewa aiki ya yi kyau.

Zuwa na biyu, da hantsi motar ta sauke ni a bakin ƙauyen. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Babu daka, babu kukan yaro. Wancan karon yara sun raka ni har ƙofa suna taɓa mini jaka. Wannan karon wata yarinya kaɗai na gani bakin rijiya, da ƙullin tafarnuwa a wuya, kuma kafin in yi mata magana wani hannu ya fito daga zana ya janye ta.

Na yi wa wasu mata biyu sallama. Suka amsa ba tare da sun ɗago ba. Da suka ga inda na nufa, ɗayar ta tofar da yawu gefe, ta ce a hankali, "Kurwata kur."

An zuba toka a ƙofar gidan Malam Sale, layi guda daga bango zuwa bango. Babu sawun kowa a kai. Na tsallaka.

Inna Tabawa na zaune ita kaɗai a tsakar gida, ƙaramar tukunya na tafasa a gabanta. Daga cikin ɗaki kuma ina jin wani sauti, kamar ana zuƙar wani abu. Na leƙa. Malam Sale ne cikin duhu, ya juya wa ƙofa baya, yana tsotsar ɓargo. Ya waigo, bakinsa na sheƙin mai, kumatunsa sun ciko, idonsa fes. Ni na koyar da girkin nan, na san duk abin da ke cikinsa, amma wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Inna Tabawa ta ja ni bayan rumbu ta faɗa mini. Wai mutum ya tafi asibiti a rame, ya dawo ya ƙi hatsi, ya ƙi mutane, sai nama da ƙwai a ɗaki, cikin tukunyar da ba mai taɓawa, yana ta ƙiba. Wai ƙwayoyin nan fararen da yake haɗiya ƙanƙarar maita ce. Ana cikin haka 'yar maƙwabcinsu, Hanne, ta kwanta da zazzaɓi, kuma cikin magagi ta kira sunansa sau biyu.

"Shi ke ba ta goriba kullum," in ji Inna Tabawa. "Sunan wa za ta kira?"

Na nufi gidan mai unguwa. Ya karɓe ni daga zaune, bai ce a shimfiɗa mini tabarma ba. Na yi masa bayanin ciwon bi da bi.

Ya ce, "Malama, ban ƙaryata ki ba. Amma ke anjima mota za ta ɗauke ki. Mun ba shi zaɓi: ko ya zo ya tsallaka yarinyar kowa na gani, ko ya fito ya ci abin da kowa ke ci."

Tsallaka mara lafiya shi ne abin da ake sa maye ya yi don ya saki kurwa. Wanda ya yi, ya amsa ke nan, kuma sunan zai bi 'ya'yansa da jikokinsa. Na ce wa mai unguwa ba ɗaya daga ciki da za a yi. Na sa aka ɗauki Hanne da uwarta a motarmu. Zazzaɓin sauro ne, allura ta warkar da ita cikin kwana huɗu. Na ɗauka magana ta ƙare. Na rubuta haka a rahoto.

Zuwa na uku, tun daga nesa nake jin daka. Yara suka taro ni da gudu. An share tokar. A gindin ceɗiyar ƙofar gida maza sun kewaye kwanuka suna cin na rana, Malam Sale a tsakiyarsu.

Da ƙyar na gane shi. Fatar wuyansa ta saki, idanunsa sun faɗa, ga buta a gefensa yana ta kwankwaɗar ruwa. Yana yankar loma, ƙatuwa, yana ɗaga ta sama kaɗan kafin ya kai baki, yadda kowa zai gani. Ana ta raha da shi. Wani ya ce, "Malama, kin ga mutuminki? Ya fi mu ci!"

Na jira aka watse, na durƙusa kusa da shi. "Baba, ina ƙwayoyin?"

"Na zuba su a masai, mai unguwa na tsaye."

"Yarinyar ai ta warke. Allura ce ta warkar da ita."

"Ranar da kuka tafi da ita na fito na ci tuwo. Su abin da suka gani ke nan."

Na ce, "Tuwon nan zai kashe ka."

Ya ce, "Na sani, Malama. Jikokina tara. Jiya ƙaramar ta je ɗebo ruwa, ba wanda ya janye tulunsa." Sai ya rage murya. "Amma miyarki akwai daɗi. Wani lokaci ina mafarkinta."

Na roƙe shi ya biyo ni asibiti, ya ƙi. Sista da kanta ta aika, ya ƙi. Bai ga girbin shekarar ba. An ce mini ƙauyen kaf ya fito jana'izarsa, kowa na faɗin kirkinsa.

Miyar ba ta da laifi. Har na yi ritaya ita nake koyarwa, kuma ta riƙe mutane da yawa. Dokokina ne suka yi ɓarna. Daga wannan shekarar na sauya tsari, Sista ta sa hannu. Idan na je gida, a babbar tukunya nake girkin farko, a fitar da shi ƙofar gida, mai unguwa ya fara sha, liman ya biyo, maƙwabta su ƙare. A nuna musu ƙwayoyin a tafin hannu. Majinyaci ya ɗauki kwanon miyarsa ya je ciyayya, duk mai so ya sa cokali.

Ku da kuka kama aikin nan yanzu, takardar likita za ta faɗa muku abin da mutum zai ci. Kada ku ɗora tukunya sai kun tambaye shi da wa yake ci.