Ranar da Na Juya Saniyar Agali

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da aka tsayar da ni bayan saniya a Isawan ba. Amma kafin in kai ku can, ku da kuka shigo aikin nan bayana, ya kamata ku san ko ni wane ne a lokacin. Daga Tasawa har Mayahi babu mai ido irin nawa. Ba yabon kai ba ne. Ina bisa moto, wato babur, a guje, in na gilma gaban shago zan gaya maka allon sunansa ya karkace da kaurin gashi guda, kuma in aka sa ma'auni haka za a taras. Shekara ashirin da ɗoriya ina tsara takardu a wannan gidan buga takardu namu: katin biki, kalanda, allon kantin magani, hoton Alhazai da za a manna a mota. Ni ne babba a ɗakin ordinata, wato kwamfuta, daga ni sai Alhaji maigida. Lawali Mai Ido ake ce mani, kuma ban taɓa cewa a bari ba.

Ga wanda bai san tsarin aikinmu ba, matakai huɗu ne. Mai aiki ya kawo abinsa, mu shigar da shi cikin ordinata. Mu tsara. Mu fitar da ƙaramin samfuri a farar takarda, mai aikin ya duba ya sa hannu. Sai bayan sa hannun nan ake buga babba. Wannan mataki na uku ni na koya wa duk wanda ya taɓa zama ɗakin nan, har da zagi.

Bara waccan, bayan an gama yankan gero, wata ɗaliba mai suna Rahamu ta shigo da babban littafin zane a hammata. 'Yar Isawan ce, tana shekarar ƙarshe a wata makarantar zane da haɗa fim a Maraɗi. Aikin kammalawarsu kashi uku ne: zanen hannu, gajeren fim, da afish, wato babbar takardar nan da ake kafewa a bango. Wanda bai kai ukun gaban malaman da ke yanke hukunci ba, sai ya sake shekara. Ita ta zaɓi yin aikinta a kan shaidar da makiyayan wajensu ke yi wa shanu da ƙarfe mai zafi, kowane gida da irin tasa. Ta yi watanni tana bin rijiyoyi, tana zana shanun, tana ɗaukar dattawa da kamara suna ba da tarihin kowace shaida. Ba su yarda da sauƙi ba. Sai da mahaifinta, wanda dillali ne a karar shanu, ya tsaya mata, aka kuma yi sharaɗi cewa za a kafe afish ɗin a kara don in dabba ta ɓace a gane ta waye.

Ta ce ta riga ta tsara komai a takarda, shanu goma sha biyu, kowace da sunan gidansu a ƙasa. Nawa kawai in shigar, in jera yadda ta jera, in buga. Za ta koma Maraɗi a ranar don ƙarasa haɗa fim, in na gama in ba direban motar Mayahi ya kai wa mahaifinta.

"Tonton, don Allah kada ka gyara komai," ta ce da ni daga bakin ƙofa, da irin kiran kawu na 'yan makaranta.

Na ce ta tafi abinta, tun ba ta san fensir ba nake wannan aiki.

Yarinyar ta iya zane, wannan ba zan hana ta ba. Saniya kamar ta yi kuka. Amma ina jera su sai idona ya tsaya a kan ta farko, wadda ke can gefen hagu na sama. Ta ba sauran baya, ta fuskanci waje, kamar mai shirin ficewa daga takardar. To mu a wannan sana'a muna da ƙa'ida: mutum ko dabba, duk abin da ke da fuska, cikin takarda yake kallo, don ya ja idon mai dubawa zuwa ga rubutu. Na ce ashe malaman Maraɗi ko wannan ba su koya musu ba. Na danna sau ɗaya, saniya ta juyo ta kalli 'yan uwanta. Takarda ta zauna daram. Samfuri kuwa ban aika mata ba, don na ga ba a kai wa ɗaliba aikin Lawali ta duba. Na buga babba, na naɗe, na ba direba.

Bayan kwana biyar, da hantsi, ina tare da wani mutum muna zaɓen launin katin aurensa, sai ga Rahamu, ƙafafu duk rairayi. Ba sallama, ba gaisuwa. Ta ajiye naɗaɗɗen afish a kan teburina har kofin shayina ya tuntsure.

"Wa ya ce ka juya ta?"

Raina ya ɓaci nan take. Ni, a ɗakina, gaban abokin ciniki, 'yar da saura kaɗan in yi jika da ita. Na miƙe na karanta mata ƙa'idar fuska tun daga tushe, na gaya mata gyaran da na yi mata kyauta wasu sai sun roƙa, na ce in tarbiyyar da ake koyarwa a makarantarsu ke nan gara a rufe ta a mai da ita rumbun wake. Ta bar ni na gama. Sannan ta warware takardar, ta ɗora yatsa a kan saniyar farko, ta ɗora wani a kan ta bakwai, ta ce in duba da idon nan nawa da ake magana.

Iri ɗaya ne. Shaida ɗaya, mai kamar sawun tsuntsu, a cinya ɗaya. Sunayen ƙasa ne kawai suka bambanta: gidan Agali, gidan Bilal.

Ta yi mani bayani. Uban Agali da uban Bilal wa da ƙane ne. Da suka raba garken gado, ba wanda ya yarda ya saki shaidar ubansu, sai aka yanke cewa babba ya riƙa yin ta a cinyar hagu, ƙarami a cinyar dama. Tun daga nan gidajen biyu ba sa shan inuwa ɗaya, kullum ana jayayyar wa ya fi gadon asali. Saniyar Agali ta fuskanci hagu ne don a ga cinyarta ta hagu. Da na juya ta, na mai da shaidar dama. An kafe afish ranar kasuwa, mutanen Bilal suka taru gabansa suna dariya, suna yi wa Agali barka da dawowa gida, suna cewa ga takardar 'yan lakwal masu boko ta faɗi gaskiya, dama can hagu ba ta da asali. Tsoho Agali da kansa ya ciro takardar, ya naɗe, ya miƙa wa mahaifin Rahamu. Ya ce a cire fuskarsa da muryarsa daga fim ɗin. Shi ne kuwa fiye da rabin fim ɗin. Kwana tara ya rage ta tsaya gaban malamanta.

Kuna tsammani na ji kunya? Haushi na ƙara ji. Na ce wane irin mutane ne za su bar shaidu dubu da ke duniya su liƙe wa guda ɗaya, sannan su ɗora wa bawan Allah laifi. Na zauna, na danna, saniya ta koma yadda take, na sake bugawa. Na ce ga shi nan, abin da bai kai ƙiftawar ido ba ake neman tayar mani da hawan jini. Ta ce ta riga ta gaya wa tsohon za a gyara, ya ce ba takarda yake son gani ba, hannun da ya juya yake son gani.

Alhaji ya fito daga biro, wato ofishinsa, tun ana tsakiyar hayaniya, yana tsaye yana saurare. Abu ɗaya ya tambaye ni: ina samfurin da ta sa wa hannu? Na fara kame-kame. Ya ce gobe da safe in bi ta Isawan, in kuwa ban je ba in ajiye masa makullin ɗakin. Mai katin aure ya tattara takardunsa ya ce zai dawo wani lokaci. Har yau bai dawo ba.

Washegari muka shiga motar Mayahi, daga can muka hau moto. Hanyar nan rairayi ne zalla, na sauka na tura ya fi sau hamsin, ko da yake Rahamu ta ce sau uku ne. Duk tsawon hanya ina shirya jawabin da zan yi wa tsohon, yadda zan nuna masa cewa ilimin tsara takarda ba kiwo ba ne.

Muka same shi bakin rijiya ana ba shanu ruwa, dogo, siriri, rawani ya rufe masa baki. Ya amsa gaisuwata kamar ba abin da ya faru, ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi. Kofi na farko, na biyu, na uku, yana ta hirar kiwo, mutane kuwa sai ƙaruwa suke, har da na gidan Bilal da suka tsaya daga nesa. Ni jawabina yana ta tsami a ciki. Can ya sa aka jawo wata jar saniya, aka tsayar da ita gabana, fuska da fuska. Ya ce in nuna masa hagunta.

Na miƙa hannuna na hagu da ƙarfin hali na nuna. Wurin ya ɗauki dariya, har matan da ke jan guga. Mai fuskantar saniya, hagunsa damarta ne. Na san haka sarai, ko a barci na sani, amma haushi ya rufe mani kai. Agali bai yi dariya ba. Ya kama hannun rigata ya zagaya da ni bayanta, ya ɗora tafina a kan tabon da ke cinyarta.

"Malam, an sha sace mani shanu," ya ce. "Amma ɓarawo yakan sha tahiya, ya ɗauki biyu ko ukku, in bi sawu. Kai kana zaune cikin inuwa ka kwashe garken duka ka ba Bilal, har da na ubana da suka mutu."

Na ciro sabon afish zan warware, ya ɗaga hannu. Ya ce takarda ba ta da baki, kuma waɗanda suka yi dariya a kasuwa za su ce tsoro aka ji aka canza. Sharaɗinsa ɗaya ne. In tsaya nan inda nake, yarinya ta kunna kamararta, in faɗi sunana da garinmu, in faɗi abin da na yi da dalilin da ya sa na yi, a sa cikin fim ɗin kusa da maganarsa. In an yi haka, muryarsa ta zauna. In ba a yi ba, a cire.

Jama'a, na ji kamar in fashe. A haska ni a Maraɗi gaban malamai da ɗalibai, ina dafe da gindin saniya ina tonon asirin kaina. Na buɗe baki zan ce a cire ɗin, ni ina ruwana. Sai na dubi Rahamu. Ta riga ta fito da kamara, amma ba ta ɗaga ba, kuma ba ta roƙe ni ba. Ta dai tsaya tana kallon ƙasa, mahaifinta a bayanta ya rasa inda zai sa idonsa. Shekarar mutum guda da mutuncin ubanta, a kan danna ɗaya da ba wanda ya sa ni. Na ce ta kunna.

Sau huɗu muka ɗauka. Na farko ta ce ban ɗaga murya ba. Na biyu saniya ta make ni da wutsiya a baki. Na uku na saka 'yar ƙa'idar fuska don in rage wa kaina zafi, Agali ya ce a sake, ba a ce in yi wa'azi ba. Na huɗu na faɗi abin tsirararsa: yarinyar ta zana daidai, ta ce kada in taɓa, na taɓa, ban kuma nuna mata ba kafin in buga.

Rahamu ta ci jarrabawarta. Ta ce wurin da na fito ne malaman suka fi tsayawa a kai, har babbansu ya ce a riƙa nuna wa 'yan shekarar farko. Ban tambaye ta ko yabo ne ba. Afish ɗin gaskiya yana nan kafe a kara, saniyar farko ta ba kowa baya, kuma duk ranar da na tuna ta sai idona ya yi ƙaiƙayi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mu masu wannan aiki ciwonmu ɗaya: mun ɗauka duk abin da aka kawo mana ɗanye ne sai mun dafa. Wani abin da kake gani karkatacce, karkatar ita ce maganar. Ka tambaya kafin ka miƙe ta. Samfuri kuma, ko na uwarka ne, ta sa hannu. Wanda na kama ya tsallake wannan a ɗakin nan, da ƙafa zai je Isawan.

Da za mu taho ranar, na ga ya kamata in bar wurin da ɗan abin da ya rage mani. Ina ba Agali hannu na ce ya yi haƙuri, kuskure ne irin na gwanaye, amma ya tambayi kowa, duk Tasawa babu mai ido kamar nawa. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana dubana ta saman rawani.

"To in kai ne mai idon Tasawa," ya ce, "sauran wa ke yi musu jagora?"